AIKIN KIYAYE NAMUN DAJI DA KOYAR DA MANYA ILIMIN MUHALLI

1.0 Gabatarwa

A tsakiyar shekarun 2000 an ƙiyasta cewa akwai giwaye kimanin 350 a gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauci. Bayan shekara goma kacal, sai ƙiyasin ya koma tsakanin 100 da 150. A duk tsawon wannan lokaci akwai dokar da ta hana kashe giwa, akwai kuma ma'aikata masu ɗauke da makamai da aka ɗora wa alhakin tsaron dajin, amma hakan bai hana garken raguwa ba. Wannan ya nuna cewa doka da bindiga, duk da muhimmancinsu, ba su isa su tsare dabbar da maƙwabtanta ba su ga amfanin zamanta ba.

Wannan babi zai yi bayani a kan aikin kiyaye namun daji a matsayinsa na sana'a, wato yadda ake shigarsa da irin horon da yake buƙata da kuma wahalhalun da ke tattare da shi. Daga nan za a dubi wani ɓangare na aikin wanda ba a cika kula da shi ba, wato koyar da manya ilimin muhalli. Manufar ita ce a nuna cewa ma'aikacin gandun daji malami ne kafin ya zama mai gadi, kuma ɗalibansa manoma ne da makiyaya da mafarauta waɗanda suka riga shi sanin dajin. Saboda haka harshen da zai yi musu magana da shi yana cikin manyan kayan aikinsa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a dubi wasu kalmomi huɗu, domin abin da Bahaushe yake ji idan an ambace su yana da tasiri a kan yadda yake karɓar aikin.

2.1 Namun Daji

Kalmar “nama” tana da ma'ana biyu a Hausa. Ta farko ita ce tsokar da ake ci, ta biyu kuma ita ce dabbar dawa ita kanta, ko da tana raye tana kiwo. Ke nan idan aka ce “naman daji”, sunan da kansa ya riga ya bayyana dabbar a matsayin abinci. Wanda ya zo ƙauye yana kira da a “kiyaye namun daji” ya kamata ya san cewa mai sauraronsa zai iya fahimtar maganar a matsayin hana shi abin miya, sai fa in an yi masa ƙarin bayani.

2.2 Gandun Daji

Gandu a asali ita ce babbar gonar da iyali suke nomawa tare a ƙarƙashin maigida, ko kuma gonar sarki wadda talakawa suke yi wa aiki. A zamanin mulkin Turawa aka ari kalmar aka sanya wa dajin da hukuma ta keɓe ta hana sara da farauta a cikinsa. Don haka talaka ya ɗauki gandun daji a matsayin kayan hukuma, wanda ba shi da rabo a ciki illa hani da tara.

2.3 Malamin Daji

A zamanin En'e an san malamin gona da malamin asibiti da malamin haraji, an kuma san malamin daji. Kalmar “malam” a nan tana nufin ma'aikaci mai ilimin boko. Abin da jama'a suka fi sanin malamin daji da shi shi ne ƙwace gatari da kai mutum gaban alƙali. Amma asalin ma'anar kalmar, wato mai ilimi mai koyarwa, ita ce ta fi dacewa da abin da aikin yake buƙata a yau.

2.4 Ilimin Muhalli

Abin da ake nufi da ilimin muhalli a wannan babi shi ne nazarin dangantakar da ke tsakanin halittu masu rai da junansu, da kuma tsakaninsu da ƙasa da ruwa da iskar da suke rayuwa a ciki. Wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Ernst Haeckel shi ya raɗa wa fannin sunan da Turawa suke kiransa da shi, a shekarar 1866. Jigon wannan ilimi shi ne cewa babu halittar da take zaune ita kaɗai; in aka taɓa ɗaya, sai abin ya shafi wasu.

3.0 Gandun Dajin Yankari a Matsayin Misali

Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alƙaleri, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a shekarar 1962. A shekarar 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, sannan a shekarar 2006 aka mayar wa Jihar Bauci da shi. Kogin Gaji ya ratsa ta tsakiyarsa, kuma a bakin wannan kogi dabbobi suke taruwa da rani. A nan ne kuma ake samun maɓulɓular Wikki, wadda ɗumin ruwanta yake tsayawa a kan digiri 31 a ma'aunin Salsiyas, rani da damina. Daga cikin dabbobin da ke dajin akwai giwa da ɓauna da gwanki da kanki da dorina da gwaggon biri da mugun dawa, da kuma 'yan tsirarun zakuna.

Matsalolin Yankari iri uku ne. Na farko, akwai mafarautan da suke kashe giwa domin haurenta, ko sauran dabbobi domin sayar da namansu. Na biyu, akwai makiyayan da suke shigar da shanu cikin dajin saboda ƙarancin makiyaya a waje. Na uku, giwayen da kansu suna fita daga dajin su shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye. Giwa ɗaya tana cin kimanin kilo 150 na ganye da ciyawa a rana, don haka garke guda zai iya gamawa da gonar masara ko dawa a dare ɗaya. Manomin da ya wayi gari ya tarar da abincin shekararsa a tattake ba zai yi baƙin ciki ba in ya ji an harbe giwa, kuma ba zai tona asirin wanda ya harbe ta ba.

A shekarar 2014 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar WCS, wadda hedikwatarta take Amurka, domin a haɗa hannu wajen tsaron dajin. An ƙarfafa sintiri, an ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya wadda take nuna inda suke ta hanyar tauraron ɗan'adam. An kuma ɗauki wasu mutane daga ƙauyukan da ke kewaye a matsayin masu kula da giwa, aikinsu shi ne su sanar da manoma da ma'aikata da zarar garke ya doshi gonaki. Bayan haka kashe giwa ya ragu ƙwarai. Abin lura a nan shi ne an sami sauƙi ne lokacin da aka haɗa tsaro da shigo da mutanen wurin cikin aikin.

4.0 Kiyaye Namun Daji a Matsayin Sana'a

4.1 Rukunonin Ma'aikata

Ana iya kasa masu wannan aiki gida huɗu. Rukuni na farko su ne masu sintiri, waɗanda suke kwana a daji na tsawon kwanaki suna tafiya a ƙasa, suna kwance tarko, suna kama masu karya doka, suna kuma rubuta duk abin da suka gani na sawu ko kashi ko gawar dabba. Rukuni na biyu su ne masu bincike, waɗanda suke ƙidayar dabbobi ta jirgin sama ko ta kyamarorin da ake ɗaurawa a jikin itatuwa, su kuma nazarci abincinsu da haihuwarsu da cututtukansu. Likitocin dabbobi suna cikin wannan rukuni. Rukuni na uku su ne masu gudanarwa, waɗanda suke tsara kasafin kuɗi da bin shari'a a kotu da hulɗa da hukumomi. Rukuni na huɗu su ne jami'an wayar da kai, waɗanda wurin aikinsu shi ne ƙauye da ruga da kasuwa. Sau da yawa mutum ɗaya yakan ratsa waɗannan matakai a tsawon rayuwarsa ta aiki, ya fara da sintiri ya ƙare da koyarwa.

4.2 Horo

A Nijeriya akwai Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji da ke Sabuwar Busa a Jihar Neja, wadda aka kafa a shekarar 1978, tana kuma ba da ƙaramar difloma da babba. Jami'o'i da dama suna da sassan nazarin gandun daji da namun daji. A kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka kafa a farkon shekarun 2000, tana horar da ɗalibai a matakin digiri na biyu tare da Jami'ar Jos. A wajen ƙasar kuma akwai kwalejin Mweka ta Tanzaniya da aka buɗe a shekarar 1963, da makarantar Garwa ta Kamaru da aka buɗe a shekarar 1970 domin ƙasashe masu amfani da Faransanci. Wuraren samun aiki sun haɗa da Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa, wadda take kula da irin su Kainji da Gashaka-Gumti da Kamuku, da ma'aikatun muhalli na jihohi, da kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu kamar Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya.

Dole ne kuma ma'aikaci ya san dokokin da yake aiki da su. Akwai Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, da Doka mai Lamba 11 ta 1985 wadda ta shafi cinikin dabbobin da suke dab da ƙarewa. A matakin duniya akwai yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda a ƙarƙashinta aka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a shekarar 1989.

4.3 Wahalhalun Aikin

Wannan sana'a ba ta mai neman hutu ba ce. Mai sintiri yana fama da ƙishirwa da ƙudan tsando da macizai, yana nesa da iyalinsa, kuma albashinsa kaɗan ne. Mafi haɗari shi ne gamuwa da mafarauta masu muggan makamai. A gandun dajin Birunga na ƙasar Kwango an kashe ma'aikata fiye da 200 a bakin aiki, kuma saboda tunawa da irinsu ake bikin ranar masu tsaron daji ta duniya a ranar 31 ga watan Yuli na kowace shekara. A Arewacin Nijeriya ma an ga abin da yake faruwa idan daji ya rasa masu kula da shi. Dajin Sambisa, wanda a da gandun namun daji ne, ya zama maɓoyar 'yan Boko Haram a shekarun 2010, haka kuma 'yan fashin daji suka addabi yankin Kamuku. Ke nan tsaron daji yana da alaƙa da tsaron rayukan jama'a.

Akwai kuma wahalar da ba ta jiki ba. Ma'aikacin da aka ɗauka daga ƙauyen da ke bakin daji zai iya kama mai laifi ya tarar ƙanen mahaifinsa ne ko surukinsa. In jama'ar garin ba su fahimci dalilin aikin ba, sai su ɗauke shi maci amana, su daina halartar sunansa da bikinsa.

5.0 Dalilin Mayar da Hankali ga Manya

Yawancin shirye-shiryen wayar da kai a kan muhalli sun fi karkata ga 'yan makaranta, bisa hujjar cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan gaskiya ne, sai dai yaron da aka koya wa son giwa a aji huɗu na firamare zai ɗauki shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya mallaki gona ko ya sami ta cewa a garinsu. Giwa kuwa tana ɗaukar ciki na wata 22, kuma takan yi shekara huɗu zuwa biyar tsakanin haihuwa da haihuwa. Garken da bai wuce 150 ba, in ana kashe goma a shekara, zai iya ƙarewa kafin yaron ya girma. Wanda yake riƙe da gatari da ashana da bindiga a yau babba ne. Shi yake yanke shawarar inda za a yi sabuwar gona da lokacin da za a sa wa daji wuta da hanyar da shanu za su bi. Mata kuma su suke samo itacen girki, su suke tsinkar ganyen miya da 'ya'yan itatuwa, saboda haka sukan riga kowa ganin alamar daji ya fara ƙarewa.

Koyar da manya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta gudanar da shirin Yaƙi da Jahilci a ƙarƙashin jagorancin Malam Ahmadu Kumasi, aka buɗe azuzuwa a ƙauyuka, aka wallafa ƙananan littattafai da Hausa a kan noma da kiwo da tsafta. A shekarar 1980 Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya, a 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, sannan a 1990 aka kafa hukumar ilimin manya ta ƙasa. Ke nan akwai turbar da ilimin muhalli zai iya bi ya kai ga jama'a.

6.0 Hanyoyin Koyar da Manya Ilimin Muhalli

Masana ilimin manya, musamman Malcolm Knowles na ƙasar Amurka, sun nuna cewa babba ya bambanta da yaro wajen koyo. Babba yana zuwa da sanin da ya tara a rayuwa, yana son ya san dalilin abin da ake koya masa, yana neman abin da zai yi amfani da shi nan kusa, kuma ba ya jure a raina shi. A kan waɗannan ginshiƙai ake ɗora hanyoyin da ke tafe.

6.1 Farawa daga Abin da Suka Sani

Tsohon maharbi yana iya duban sawu ya faɗi irin dabbar da girmanta da lokacin da ta wuce. Bafillatani ya san ciyawar da ta ɓace daga makiyaya da shekarar da ya daina ganinta. Malami mai hikima yakan fara da tambaya: waɗanne dabbobi ake gani a nan lokacin kuna yara? Ina suke yanzu? Idan dattawa suka lissafa da bakinsu cewa a da akwai barewa da jimina da gauraka, yanzu kuwa babu, to sun riga sun karanta wa kansu rabin darasin.

Haka kuma akwai al'adun kiyayewa da za a kafa hujja da su. Bahaushe ba ya kashe shamuwa, domin zuwanta bushara ce ta damina. An san hurumi da burtali, waɗanda aka hana nomawa domin amfanin kowa. A Argungu an hana su a Matan Fada sai lokacin bikin kamun kifi, kuma Sarkin Ruwa yake lura da wannan hani, abin da yake ba kifi damar hayayyafa. Sarautun Sarkin Dawa da Sarkin Baka su ma suna da ƙa'idojin farauta. Idan aka nuna cewa gandun daji wani nau'in hurumi ne, sai maganar ta sauka daga matsayin umarnin baƙo ta koma abin da aka gada.

6.2 Nuna Sarƙar Dangantaka

Zuciyar ilimin muhalli ita ce fahimtar yadda abu ɗaya yake jawo wani, kuma wannan ba ya shiga sai da misali. Ga misalin ungulu. A ƙasar Indiya, daga farkon shekarun 1990, wasu nau'o'in ungulu uku sun ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari, saboda suna cin mushen shanun da aka yi wa allurar wani magani mai suna dikilofenak, wanda yake lalata musu ƙoda. Da ungulu ta ɓace sai mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru a cikin mutane. Sai a shekarar 2006 aka hana amfani da maganin ga dabbobi. A ƙasar Hausa ma ungulun da aka saba gani a mahauta ta yi wuyar gani, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta domin tsibbu, har a shekarar 2015 aka sanya ta cikin jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa. Mahauci ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane aikin da ungulu take yi masa kyauta.

Misali na biyu shi ne fadamar Haɗeja da Nguru. Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974 da ta Calawa a shekarar 1992, yanayin ambaliyar kogin ya sauya. Wuraren da a da suke cika da damina su bushe da rani sai suka koma riƙe ruwa duk shekara. Wannan ya ba ciyawar kacala damar yaɗuwa, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Manomin Nguru da jan-baki ya yi wa ɓarna zai so ya ji yadda matsalarsa ta faro daga wani aiki da aka yi a Jihar Kano. Ita ma giwa tana da nata aikin a cikin sarƙar: tana buɗe hanyoyi a cikin kurmi, tana kuma yaɗa irin aduwa da giginya ta cikin kashinta.

6.3 Haɗa Darasi da Amfani

Babba ba ya riƙe darasin da bai ga ribarsa ba. A ƙasar Kenya bincike ya tabbatar da cewa giwa tana gudun ƙudan zuma, don haka aka koya wa manoma jera amya a gefen gona a haɗa su da waya, ta yadda in giwa ta taɓa wayar sai amyar ta girgiza zuma ta tashi. Manomi ya tsare gonarsa, ya kuma sami zumar sayarwa. A wasu ƙasashen Kudancin Afirka ana turara barkono domin korar giwa.

Babban misali a ƙasar Hausa shi ne na Maraɗi. A shekarar 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Toni Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirrun da manoma suke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwan da saiwarsu take da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya shiga koya wa manoma su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi su bar su, su datse sauran. Aka sanya wa dabarar suna “sassabin zamani”. Da farko an yi masa dariya, kuma da yawa daga waɗanda suka karɓa a lokacin yunwar 1984 saboda tallafin abinci sun sake sare itatuwan bayan an daina rabon. Amma waɗanda suka daure sun sami itacen girki da abincin dabbobi, kuma amfanin gonarsu ya ƙaru, musamman a ƙarƙashin gawo, wanda yake kaɗe ganyensa da damina ya zama taki. Daga nan manomi ya riƙa koya wa manomi. An ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Jamhuriyar Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Sauya dokar daji a shekarar 2004, wadda ta ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen gonarsa, ta taimaka ƙwarai.

A dai ƙasar ta Nijar, raƙuman dawan yankin Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a shekarar 1996. Da aka haɗa tsaro da tallafa wa ƙauyukan wurin, aka kuma horar da wasu mazauna su zama 'yan rakiyar baƙi, sai adadin ya haura 600, har a shekarar 2018 aka kwashi takwas aka kai gandun dajin Gadabeji da ke Jihar Maraɗi.

6.4 Harshe da Wuri da Lokaci

Ba a tara dattawa a zaunar da su a kan bencin yara a tsaya musu da alli. Wurin darasi shi ne ƙofar fadar mai gari ko inuwar kasuwa ko ruga, kuma sai an fara gai da shugaban wurin an nemi izininsa. Mata suna buƙatar zamansu daban, a cikin gida, kuma mace ta fi dacewa ta jagorance su. Lokacin da ya fi shi ne rani, bayan an kai amfanin gona gida. Malami ya kira mutane da laƙabinsu na girma, ya saurara fiye da yadda yake magana. Rediyo da wasan kwaikwayo da karin magana suna isar da saƙo inda takarda ba ta kaiwa. A wuraren da ake da Fulani ko wasu ƙabilu, ya kyautu a sami wanda zai yi bayani da harshensu, ko da kuwa suna jin Hausa.

7.0 Gurbin Ɗalibin Hausa a Wannan Aiki

Yawancin littattafan wannan fanni da Ingilishi ko Faransanci aka rubuta su, alhali mutanen da suke zaune a bakin dazuzzukan Arewa da Hausa ake iya kai musu. A nan ɗalibin Hausa yake da rawar takawa ta fuska uku. Ta farko ita ce fassara da ƙirƙirar kalmomi. Nasarar sunan “sassabin zamani” ta samu ne domin an ɗauko kalmar da manomi ya sani aka ɗora mata sabuwar ma'ana. Ta biyu ita ce tattara sunayen dabbobi da tsuntsaye da tsirrai daga bakin tsofaffin mafarauta da makiyaya, domin idan dabba ta ɓace sunanta yakan bi ta. Matasa da yawa a yau ba sa iya bambance gwanki da kanki, kuma karin maganar da aka gina a kan halayen irin waɗannan dabbobi tana zama musu duhu. Ta uku ita ce koyarwar kanta, a azuzuwan ilimin manya da gidajen rediyo. Wanda ya sami horon malanta ya kuma ƙware a harshe ya riga ya mallaki abin da masana kimiyya da yawa suke nema su rasa idan sun isa ƙauye.

8.0 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar kalmomin da suka shafi kiyaye namun daji, an kawo tarihin Yankari da matsalolinsa, an kuma yi bayanin rukunonin ma'aikata da horonsu da wahalhalunsu. An nuna cewa manya su ne masu yanke shawarar da take raya daji ko ta kashe shi, kuma ana cin nasarar koyar da su idan aka fara daga saninsu, aka nuna musu sarƙar dangantaka, aka haɗa darasi da amfani, aka kuma yi musu magana da harshensu cikin ladabi. Ma'aikata 'yan ƙalilan ba za su iya tsare daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 ba in ƙauyukan da ke kewaye ba sa tare da su. Makomar giwayen da suka rage a Yankari ta dogara a kan masu sintiri, ta kuma dogara a kan abin da manomin bakin dajin ya fahimta ya yarda da shi.

Tambayoyin Bita

1. Yi bayanin yadda ma'anar kalmomin “naman daji” da “gandun daji” take shafar fahimtar jama'a game da aikin kiyaye namun daji.
2. Kawo rukunoni huɗu na ma'aikatan wannan fanni tare da aikin kowane.
3. Me ya sa ilimin 'yan makaranta kaɗai ba zai wadatar wajen ceton giwayen Yankari ba?
4. Bi sarƙar dangantakar da ke tsakanin madatsar ruwa ta Tiga da ɓarnar jan-baki a yankin Nguru.
5. Tattaro sunayen namun daji guda goma daga bakin wani dattijo a garinku, ka nuna waɗanda har yanzu ake gani da waɗanda suka ɓace.